Ɗakin Sarauniya a Lugu: Ginin Ciyawa, Kalmominsa da Matsayinsa na Gado

1.0 Gabatarwa

A ranar 26 ga watan Mayu na shekarar 2006 gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO jerin wuraren da take da niyyar neman a sa su cikin gadon duniya. A cikin jerin akwai Birnin Damagaram da fadar Sarkinsa, akwai fadar Zarmakwai ta Dosso, akwai masallatan ƙasa na jahar Tawa. Akwai kuma wani ƙauye na ƙasar Arewa mai suna Lugu, wanda ba a san shi da babbar fada ko hasumiya ba. Abin da ke kai baƙo Lugu shi ne ɗakin ciyawa inda Sarauniya take zaune, da dutsen shari'a da ake kira Tunguma, da wurin da aka gwabza da sojan Faransa a shekarar 1899.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda ake kafa irin wannan ɗaki, da kalmomin da Hausa ta tanada domin sassansa, sa'an nan a auna matsayin da hukuma ta ba shi. Matsalar da za a yi ta komawa kanta ita ce: ta yaya za a ce ɗaki tsoho ne, alhali babu ko tsinke ɗaya a jikinsa da ya daɗe a duniya kamar mai zama a cikinsa? Amsar da aka bayar ga wannan tambaya ita za ta nuna abin da ya kamata a kiyaye, kuma za a ga cewa wani kaso mai yawa na aikin ya faɗo ne a hannun masu nazarin harshe da masu tsara yaƙi da jahilci.

2.0 Ƙasar Arewa da garin Lugu

Arewa da ake nufi a nan ita ce ƙasar Arawa, watau yankin da gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jahar Dosso suka ƙunsa. Gunduma ɗaya ce a dā, sai a shekarar 2011 aka cire Tibiri ta tsaya da kanta. Zabarmawa kan kira mutanen ƙasar Mawri, kuma daga bakinsu Faransawa suka ɗauki sunan, shi ya sa ake ganin Dallol Mawri a taswira. Wannan dallol tsohon kwarin kogi ne da ya ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, ruwa na kusa a cikinsa, duwatsu da tudu sun sa shi tsakiya.

Bisa ruwayar da ta fi yaɗuwa, mutanen ƙasar kashi biyu ne ta fuskar asali. Akwai Gubawa, waɗanda suka fara zama, su ne ƴan ƙasa masu riƙe da al'amuran tsafi da na ruwa da na shuka. Akwai kuma Arawa masu sarauta, waɗanda ke danganta kansu da Ari, wani ɗan sarki daga Barno da ya auri ƴar Baura na Bagaji. Daga wannan zuriya sarautun Matankari da sauransu suka fito. Marc-Henri Piault ya yi dogon bayani a kan wannan rabon iko cikin littafinsa na tarihin Mawri da ya fito a 1970. Manyan cibiyoyin Gubawa biyu ne, Bagaji wurin Baura, da Lugu wurin Sarauniya, dukansu cikin ƙaramar hukumar Dankasari, arewa maso gabas da Dogon Dutsi. Ana cewa Sarauniya ta farko daga Daura ta taso, dutsen Tunguma na yi mata jagora har inda ta yada zango.

Sarauniya dai muƙami ne da mata suka yi ta riƙewa ɗaya bayan ɗaya. In ta rasu, ana fid da magajiyarta ta hanyar tarkama, watau a ɗauki gawar a kewaya da ita har ta nuna wadda za ta gaje ta. Wadda aka zaɓa kuwa takan shiga ɗaki ta zauna cikin fararen tufafi, mutane su riƙa zuwa wurinta da buƙatunsu. Wadda ta fi suna cikinsu ita ce Sarauniya Mangu, domin a zamaninta ne ayarin Kyaftin Voulet da Kyaftin Chanoine, wanda ya taso daga bakin kogin Kwara yana ƙone garuruwa a kan hanyarsa ta zuwa tabkin Cadi, ya auka wa Lugu ranar 16 ga Afirilu 1899. Mutanen Lugu da na Tongana sun tsaya sun yi faɗa, suka kashe wa ayarin soja huɗu, suka raunata shida, kafin su janye cikin kurmi. Wata uku bayan haka su Voulet da Chanoine suka mutu a hannun sojansu kusa da Maijirgi.

Yawancin mutanen birni sun san wannan labari ne ta littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, da kuma fim ɗin da Med Hondo ya yi a kansa a 1986, wanda aka ɗauka a Burkina Faso, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Littafin da fim ɗin sun fito da ita a matsayin jarumar yaƙi mai birni da ganuwa. Wannan sura ce ta bazu, har sunanta ya hau makarantu da gidan rediyo, kuma a 2023 hukuma ta ƙago lambar girma da sunanta. Saboda haka wanda ya je Lugu da fim a kansa yakan yi tsammanin kangon fada, sai ya tarar da ɗakin ciyawa, ya ɗauka talauci ne ya jawo haka ko sakacin hukuma. Wannan kuskuren fahimta yana da haɗari, don kuwa mai kyakkyawar niyya na iya cewa gyaran da ya dace shi ne a zuba siminti a rufa kwano.

3.0 Yadda ake kafa ɗakin ciyawa

Rubuce-rubucen da aka yi a kan ginin Hausawa galibinsu sun karkata ga soro da masallaci da fada. An yi bayani mai yawa a kan masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, haka nan masallacin Yama na jahar Tawa, aikin Falke Barmu, wanda ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Ɗakin ciyawa kuwa, wanda a cikinsa mafi yawan talakawan karkara suka tashi, sai a ambace shi da layi biyu a wuce, kamar dai abin da kowa ya iya ne, babu ilmi a ciki. Alhali kuwa akwai.

Aikin yana farawa ne tun da kaka, lokacin da ciyawa ta ƙosa ta fara bushewa, kafin gobarar daji ko dabbobi su riga mutum. Ba kowace ciyawa ke shiga aikin ba. Gamba, wadda masana tsirrai ke kira Andropogon gayanus, doguwa ce mai ƙarfin kara, ita ake saƙa zana da ita. Ciyawar rufi kuwa ana son siririya mai santsi wadda ruwa zai zame a kanta, irin su shinaka a ƙasar jigawa da tofa a fadama. Ana yanka da lauje, a ɗaure dami dami, a jingine a kan wani abu don gudun gara. Bayan an shigar da hatsi rumbu, sai a zauna yanta, watau a shimfiɗa ciyawar a jere, a bi gindinta da igiya ana sarƙewa, har ta zama doguwar shimfiɗa da za a iya naɗewa kamar tabarma. Ciyawar da aka gyara domin rufi ita ce shibci. Igiyar kuwa ta kaba ce, ko ta rama, ko ɓawon kalgo, gwargwadon abin da ƙasa ta bayar.

Ƙashin rufin shi ne tsaiko. A ƙasa ake haɗa shi, kusa da inda ɗakin zai tsaya. Ana tara sanduna masu tsawo, a haɗa kawunansu wuri ɗaya a sama, a baza gindinsu a kewaye. Sa'an nan a bi su da tanka, watau a haɗa tsumagun geza ko na sabara ko karan dawa, a lanƙwasa su su zama zobe, a ɗaure a jikin sandunan daga ƙasa zuwa sama, kowane zobe ya fi na bisansa faɗi. A nan hikimar ginin take. Nauyin rufi kullum yana tura gindin sanduna waje, yana neman ya baje su. Tanka ce ke riƙe su kamar ɗamara, ita ta sa ɗaki madaidaici ba ya buƙatar ginshiƙi a tsakiya. In tankar ƙasa ta tsinke, rufin yakan buɗe ya zauna a kan bango, ko da sandunan ba su karye ba.

Bango iri biyu ne. Akwai na laka, wanda ake ginawa a kewaye, sai a ce da ɗakin kago. Akwai kuma wanda ake kafa dirkoki masu gwafa a kewaye, a ɗora rufin a kansu, a naɗe da zana, shi ne ɗakin da ciyawa ce sama da ƙasa. In rufin ya sauko har ƙasa babu bango daban, bukka ke nan. Ɗaki mai kusurwa huɗu da rufin ciyawa shi ake kira tafarfara ko adada. Dalilin da ya sa kewayayyen ɗaki ya fi yawa a karkara lissafi ne mai sauƙi: zana mai tsawon mita 12 in aka kewaya ta, za ta ba da fili kusan murabba'in mita 11 da rabi, in kuwa aka yi kusurwa huɗu da ita, murabba'in mita 9 kawai za a samu. Ga shi kuma iskar farkon damina ba ta samun kusurwar da za ta kama.

Ɗora tsaiko a kan bango shi ne aikin da ba ya yiwuwa sai da jama'a. Maza kan kewaye shi, su ɗaga gaba ɗaya, wasu su shiga ciki da gwafanni suna tallafewa, a taka a hankali har a daidaita shi. Karin maganar nan da ke cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka daga nan ta fito, kuma yaron da ya tashi a gidan kwano yana iya haddace ta ya ci jarrabawa ba tare da ya san abin da ake ɗauka ba. Daga nan sai baibaya. Mai baibaya yakan fara daga ƙasa, yana warware naɗin shibci yana kewaya rufin, kowane layi ya rufe maɗaurin na ƙarƙashinsa, har ya kai ƙololuwa, inda ake tattara ciyawar a ɗaure tam, wani lokaci a kifa tsohuwar tukunya ko a yi saƙa ta ado, domin nan ne ruwa ya fi samun kafa. Gangaren rufi yana da muhimmanci ƙwarai. In ya kwanta da yawa ruwa zai tsaya ya ruɓar da ciyawa, shi ya sa gwanaye ke tsayar da shi wajen rabin miƙewa, abin da masu awo ke cewa digiri 45, ko fiye. Ɗaki mai faɗin mita 4, in aka bar wa rufinsa rabin mita ya zarce bango don kare shi daga feshin ruwa, yana cin shibcin da zai rufe kusan murabba'in mita 28, kuma ba shimfiɗa ɗaya ake yi ba. Wanda ya san yawan ciyawar da lauje ke tarawa a yini zai gane cewa aikin makonni ne.

Abin da ya rage na mata ne: daɓe, da shafe, da jeren ƙore da tukwane. A ƙofa a rataya asabari ko a jingina tufaniya. Ɗakin da aka gama haka yana da sanyi da bazara, domin iska na ratsa zana, kuma kaurin ciyawa na tare zafin rana, saɓanin kwano da ke mai da ɗaki tanda. Hayaƙin murhu ma yana da amfani, yana korar ƙwari daga rufi. Aibinsa kuwa sananne ne: gobara, da gara, da ƙarancin kwana. Da wuya jinka ta wuce damina biyar ba a taɓa ta ba, sau da yawa ma kafin haka an yi mata ƙari.

In aka gangara kudu ta wajen Tibiri zuwa Gaya, ruwan sama na ƙaruwa, giginya na yawaita, ana samun azara da doguwar ciyawa, sai rufi ya ƙara tsayi da kauri. A arewacin Dogon Dutsi kuwa, wajen Lugu, itace gajere ne, ana lallaɓawa da geza da sabara da kara. Saboda haka ko a cikin ƙasar Arewa ɗakin ba iri ɗaya ba ne.

4.0 Kalmomin aikin

Wanda ya bi bayanin da ya gabata zai lura da cewa kusan kowane mataki yana da kalmarsa: yanta, shibci, tsaiko, tanka, dirka, jinka, baibaya. Irin waɗannan kalmomi ba sa rayuwa sai tare da aikinsu. Ranar da aka daina yanta, kalmar za ta koma ƙamus, in ma ta sami shiga.

Akwai abubuwa biyu a nan da suka shafi mai nazarin harshe kai tsaye. Na farko shi ne bambancin karin harshe. Arewanci na cikin karorin yamma, waɗanda suka riƙe baƙin leɓe a ƙarshen gaɓa inda Kananci ya mai da shi wasali. Kamar yadda ake samun sabka da sauka, zamna da zauna, abduga da auduga, haka ake samun shibci a yamma da shuci a Kano. Haka nan inda daidaitacciyar Hausa ke rubuta fa, mutumin Arewa hwa yake furtawa, sai gwafa ta zama gwahwa. Sautin ts kuma yakan koma tc kafin wasalin i ko e, abin da ya sa Faransawa suka ji dutci suka rubuta Dogondoutchi. Tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 ake ƙoƙarin daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe, kuma wannan ƙoƙari abin yabo ne. Amma daidaita rubutu daban, share kalmar wuri daban. Littafin karatun manya da za a kai Dankasari, in ya ce shuci, manomi zai gane, sai dai zai ji cewa littafin baƙo ne. Abin da ya fi dacewa shi ne a rubuta kalmar da mutanen wurin ke faɗi bisa ƙa'idar rubutu, a kawo takwararta a gefe.

Na biyu shi ne tsawon wasali da karin sauti, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. Zana ta gamba da zana ta alƙalami rubutunsu ɗaya. Gara mai cin itace, da gara ta biki, da gara ta gwamma, duk haka. Tanka ta tsaiko da tanka ta amsa magana su ma haka. Mai karatu yakan rarrabe ta wurin jimla, amma mai tattara kalmomi in bai sa alama ba, ya bar aikin rabi. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin gini masu yawa tare da nuna garuruwan da aka ji su, sai dai galibin aikinsa a Nijeriya ya yi shi. Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini, wanda ya fito a 1987, ya kawo Hausar Nijar cikin fage, amma ƙamus ne na gama-gari. Jerin kalmomin sana'a guda, daga bakin masu ita, a wuri guda, aiki ne na daban.

Akwai kuma kalmar da ita kanta hukuma ke aiki da ita. Abin da Faransanci ke kira patrimoine an saba fassara shi a rediyo da kayan tarihi. Wannan fassara ta dace da takobi da tulu da tsohon kundi, abubuwan da ake ɗauka a kai gidan ajiya a sa cikin gilashi. Ba ta dace da ɗakin Lugu ba. Kalmar gado ta fi ta faɗi, domin Bahaushe na gadon gona, yana gadon sarauta, yana kuma gadon sana'a, har a ce wane ƙira gado ya yi. Ta ƙunshi abin da ake riƙewa a hannu da abin da ake riƙewa a ka. (Ita ma dai ba ta tsira daga matsalar da aka ambata ba, tun da rubutunta ɗaya da gadon kwanciya.) Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, za a ƙara fassara dokoki da takardun hukuma, kuma kalmar da aka zaɓa yau ita ma'aikaci zai bi gobe in an tura shi Lugu.

5.0 Matsayinsa a hukumance

Nijar ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1972 a kan gadon duniya tun a 1974. A cikin gida kuma akwai dokar ranar 30 ga Yuni 1997 wadda ta tanadi kiyaye gadon al'adu na ƙasa. Wuraren Nijar da suka shiga babban jerin duniya uku ne: Ayar da Tenere a 1991, gandun dajin W a 1996, da tsohon birnin Agadas a 2013. Har zuwa zaman kwamitin na 2025 Lugu bai wuce jerin share fage ba. Ya kamata a fahimci abin da wannan ke nufi, domin akan ji ana cewa UNESCO ta amince da Lugu. Jerin share fage sanarwar niyya ce daga ƙasa. Ba ya kawo kuɗi, ba ya ɗora wa kowa hukunci. Kafin wuri ya wuce gaba sai an shata iyakarsa, an rubuta bayaninsa filla filla, an nuna wanda zai kula da shi da yadda zai yi, an kuma tabbatar da sahihancinsa.

A kan wannan sharaɗi na ƙarshe ne tambayar farko ta dawo. Ƙa'idojin da Turawa suka shimfiɗa a taron Venise na 1964 an yi su ne da ginin dutse a zuciya, inda darajar gini take ga tsohon dutsen da magini na farko ya aza. In aka auna ɗakin Lugu da wannan ma'auni, ba shi da shekaru ko kaɗan. Babu shibcin da ya ga Voulet, babu tankar da Mangu ta zauna a ƙarƙashinta. Amma a 1994 aka yi wani taro a Nara ta ƙasar Japan, ƙasar da ake rushe wurin bautar Ise a sake gina shi duk shekara 20, aka yarda cewa sahihanci na iya kasancewa ga sura, da dabarar aiki, da amfanin da ake yi da wuri, da abin da mutanensa suka ɗauke shi. Bisa wannan ma'auni tsufan ɗakin Lugu yana ga maimaitawa: wuri ɗaya, sura ɗaya, muƙami ɗaya, hannuwa suna sabuntawa.

Misalai biyu daga Afirka sun isa su nuna inda wannan hanya ke kaiwa. A Kasubi ta ƙasar Yuganda akwai makabartar sarakunan Buganda, babban ɗakin ciyawa mai faɗin kusan mita 31, wanda aka gina a 1882 ya zama fada, aka mai da shi makabarta a 1884. Rufinsa na da zobba 52, watau tanka 52, kowace tana wakiltar dangi ɗaya na Baganda, kuma baibayarsa gadon dangin Ngeye ne. Ya shiga jerin duniya a 2001. Ranar 16 ga Maris 2010 gobara ta cinye shi. Ba a soke shi daga jerin ba, aka sa shi cikin wuraren da ke cikin haɗari, aka shiga sake ginawa tare da koya wa matasa aikin, sai a 2023 aka fid da shi daga haɗarin. Abin da ya cece shi shi ne an sami tsofaffin da suka san aikin da ransu. Misali na biyu ya fi kusa. A Kangaba ta ƙasar Mali akwai wani ɗan kago mai suna Kamablon, wanda ake sake wa jinka duk shekara bakwai, samari su sauke tsohuwa su ɗora sabuwa, maroƙan Kela suna karanto tarihin Mande. Abin da UNESCO ta rubuta a 2009 shi ne bikin sake rufin, a ƙarƙashin yarjejeniyar 2003 ta gadon da ba a taɓawa da hannu. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 2007, ta kuma yi amfani da ita wajen kiɗan imzad na Buzaye a 2013 da wasan taubasantaka a 2014. Ƙofar a buɗe take, kuma da alama ta fi dacewa da Lugu bisa ga ƙofar da aka ƙwanƙwasa a 2006.

Sai dai akwai wani abu da takardun hukuma ba sa iya warwarewa. Ɗakin Sarauniya mazaunin mutum ne mai rai, kuma wurin ibada ne ga masu bin addinin gargajiya, waɗanda ake kira Azna, a tsakiyar ƙasar da Musulunci ya game. Ba a shiga da ma'auni da na'urar hoto don kawai an zo da takarda daga Yamai. Abin da za a auna, da abin da za a rubuta, da abin da za a bari a rufe, masu wurin ne ke da ta cewa. Gidan adana kayan gargajiya na Yamai, wanda aka kafa a 1959 yake kuma ɗauke da sunan Boubou Hama, ya daɗe da nuna samfurin gidajen ƙabilun ƙasa. Wannan ya wadatar ga ɗan makaranta mai son ganin sura. Lugu kuwa ba samfuri ba ne.

6.0 Ciyawa da hannuwa

Ko da an sami dukan amincewar duniya, ɗakin ba zai tsaya ba sai da ciyawa da masu aiki, kuma dukansu biyu suna raguwa. Ƙidayar 1977 ta sami mutanen Nijar wajen miliyan 5, ta 2012 ta sami fiye da miliyan 17. Saurar da ake bari ta huta, inda shinaka ke fitowa, ta koma gona. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da yawa. Gamba, wadda dā ake yanka a daji kyauta, yanzu manomi ke barinta a kan iyakar gonarsa yana tsaro, zana kuma ta zama hajar kasuwa. Hannuwan ma haka: lokacin yanta da baibaya shi ne rani, lokacin da samari ke tafiya bida Nijeriya da biranen bakin teku, su komo da kuɗin kwano. Ba a ga laifinsu ba, don wanda gobara ta taɓa cinye wa hatsi da tufafi ba ya son jin waƙar jinka. Gayya kuwa, wadda ita ce ke ɗaga tsaiko, tana neman zama aikin lada. Don haka iyakar da za a shata wa Lugu, in an tashi shatawa, ya kamata ta haɗa da filin da ake yankan ciyawarsa.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci, wannan fage ne da ba a taɓa ba sosai. Littattafan bayan koyon karatu sun cika da tsabta da taki da auna auduga, abubuwan da malami ya sani ɗalibi bai sani ba. Ɗan littafi a kan kafa ɗaki yana juya al'amarin: ɗalibi ne gwani, malami ne mai tambaya. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana baibaya, in aka ce ya faɗi matakan aikin a rubuta a allo, ya ga kalmarsa ta zama rubutu, ya sami dalilin komowa aji gobe. Cikin darasi guda an sami karatu, an sami lissafin faɗi da kewaye, an kuma sami jerin kalmomin da cibiyar bincike ke nema. Ajin mata zai ba da na daɓe da shafe da jere, waɗanda mai bincike namiji ba ya kaiwa gare su cikin sauƙi.

Wajen tattarawa, a ɗauki magana da na'ura a bakin aiki, mai yanta na yanta yana faɗin abin da yake yi, domin in aka zaunar da shi a zaure aka ce ya lissafa, rabin kalmomin ba za su zo masa ba. A rubuta garin da aka ji kowace kalma, a gwada ta Matankari da ta Tibiri da ta Bagaji, a ɗebi samfurin kowace ciyawa a kai wa masana tsirrai, don suna ɗaya kan hau ciyawa biyu a garuruwa biyu. Lokacin zuwa kuma ba zaɓin mai bincike ba ne. Yankan ciyawa na watannin Oktoba da Nuwamba ne, yanta da saƙar zana na cikin ɗari, ɗora tsaiko da baibaya na Afirilu da Mayu, gab da faɗuwar ruwa. Wanda ya jira babban hutun makarantu ya tafi a Yuli ko Agusta zai tarar kowa na gona, ɗakuna a rufe, babu abin da zai ɗauka sai hoto.